Ranar da Na Kwance Ƙararrawar Rumfar Rake

Ni ne Eusebio Carabalí, wanda ya yi kokawa da kada a kogin Cauca ya kayar da shi. To, ƙaramin kada ne, kuma ba shi da lafiya. Amma wannan da zan faɗa muku babu ƙari a ciki. Ku ƙirga yatsun hannuna na dama.

A tsohuwar gonar rake nake aiki. Duk Alhamis iyayen nan masu koyar da 'ya'yansu a gida sukan kawo su, su gwada rayuwar zamanin Turawan mulki da hannunsu. A sa musu tufafin da, su daka masara, su matse rake a dafa mazarƙwaila. Ni da sunana ma da ƙyar nake rubutawa, wai ni ne malami. A ɗora mini hular shugaban bayi, a ba ni bulalar ado.

Doka ɗaya kakata Tomasa ta bar mini. Ƙararrawar rumfar matse rake a naɗe take da tsumma, ba a kaɗa ta. Da ita ake kiran bayi aiki a da.

Ran nan rana ta yi ja, motarsu ba ta iso ba. Doña Marleny, ɗaya daga cikin iyayen, ta kwashi yara zuwa bakin hanya, 'yarta Dayana mai shekara bakwai ta maƙale a wurina. Na riga na kwance alfadarina Gwamna daga sandar da yake ja gumagumai biyu na matse rake su juya.

"Don Eusebio, mai kada guda, ashe ƙararrawa kake tsoro?"

"Ni? Ke 'yar ƙwaya, tsoro ne ke tsorona."

"To kaɗa mu gani."

Na kwance tsumman. Na kaɗa sau ɗaya. Hular tana kaina.

Tsuntsaye suka yi tsit. Gwamna ya tsinke igiya ya faɗa cikin rake.

Sai ƙamshin ruwan rake mai tafasa ya cika rumfar, alhali tun la'asar na kashe wuta. Ƙarƙashinsa warin gumi, na mutane da yawa.

Ƙiiit.

Sandar ta motsa. Babu dabba a jikinta. A ƙasa sawun ƙafa ba takalmi yana fitowa ɗaya bayan ɗaya, yana zagaye.

Dayana na jingine da gungumen. Faffaɗan hannun rigar da muka sa mata ya shige tsakanin gumaguman.

"Don Eusebio, yana ja na!"

Na rungumo ta na ja. Yadin mai kauri ne, ya ƙi yagewa. Na saki, na rataya a sandar da duk nauyina. Ta ɗauke ni kamar buhun ƙaiƙayi. Na kira Marleny, muryata ba ta wuce rumfar ba.

A bango akwai adda. Da rana na gaya wa yara amfaninta ina dariya: in gungume ya kama hannun bawa, hannun ake sarewa, ba a tsayar da aiki.

Na ɗauko ta. Babu wurin yanka yadi, yatsunta sun kai baki.

Ta dubi addar. Ta dube ni.

Na yar. Na cusa hannuna gaban nata, na tura yatsunta baya.

Ƙas.

Ban yi ihu ba, numfashin ne babu. Sai raɗa a kunnena, muryar tsohuwa, tana rawa.

"Ubangida, mun kusa. Kada a dake mu."

Ashe ba mugunta ba ce. Bayin da ne ƙararrawa ta kira aiki, tsorona suke ji.

Da hannun hagu na fizge hular na wurgar, na cire bulalar daga ƙugu na jefa a toka.

"Ba ubangida ba ne! Eusebio ne, jikan Tomasa, jikar Petrona mai dafa ruwan rake! Naku ne! An tashi daga aiki! Wallahi an daɗe da tashi!"

Gungumen ya ƙara cin yatsa ɗaya.

"Don Allah, 'yar mutane ce. Ku huta."

Sawun ya tsaya.

"An tashi?"

"An tashi, kaka."

Sandar ta yi ƙara ta koma baya, taki ɗaya. Muka zube ƙasa ni da yarinyar. Wani tafin hannu mai kaushi, mai sanyi, ya shafa kaina. Ƙamshin ya ɗauke.

Dayana ko ƙwarzane babu. Ni yatsu biyu suka tafi. Marleny ta ce alfadari ne ya firgita ya ja sandar, ban yi musu ba. Hular kuwa na ce wa mai gona ya nemi wani kan.

Na cire harshen ƙararrawar na binne. Yanzu duk Alhamis, kafin yara su hau mota, sai na jera su a bakin rumfar, su haɗa baki su ce, "An tashi!" Iyayen suna rubutawa a littafi, wai al'adar da ce.

In sababbin yara sun tambayi yatsuna, nakan ce kada ne. Dayana tana jina, ba ta taɓa tona ni ba.