Ramin Da Ya Kewaye Lemun Umma

Ranar da Auta ta fara ganinsa, bayansa ta gani. Yana tafe a gonar Baba da wani dogon ƙarfe a hannu, yana soka shi a ƙasa yana zarewa, yana duba bakinsa kamar mai gwada ko dankali ya dahu. Ta tsaya da kofin ruwan da aka aiko ta da shi, ta ce a ranta wannan bawan Allah ko wani abu ne ya ɓace masa.

Har yau idan za ta ba da labarin daga nan take farawa, kuma daga nan take fara dariya.

Shekarar ce Baba ya haƙa rijiyar burtsatse a bakin gona, yana so a ja bututu daga tanki zuwa lambun da ke can ƙarshe. Ya kafa turaku ya ɗaura igiya a miƙe sambal, don shi Baba ko a gaisuwa ba ya son kewaye-kewaye. Aka ba shi labarin wani saurayi mai ƙaramar tarakta da aka haɗa wa hannun haƙa ta baya. Idan ta naɗe hannun sama sai ka rantse jelar kunama ce, shi ya sa kowa ke ce mata Kunama, shi kuma Mai Kunama.

Mai Kunama ya karɓi ruwan da hannu biyu ya sha, ya ɗago ya dube ta, sai ya manta cewa kofin ba nasa ba ne. Sai da ta miƙa hannu sau biyu.

A gabanta ya yi wa Baba bayani. Ya ce shi ba ya yanka farashi sai ya bi layin da ƙafarsa, domin ƙasa mai laushi kuɗinta daban, inda ƙarfe ya ci karo da dutse kuɗinsa daban, zurfi ma da nasa lissafin. Da mita yake aiki ba da yini ba, saboda kada mai gona ya zauna yana ƙirga masa hutu. Kuma idan ya faɗi kuɗi sau ɗaya ne, ko da daga baya ƙasa ta yaudare shi. Baba ya taya, ya ƙi. Baba ya sake tayawa, ya yi murmushi ya ƙi. Abin ya burge Baba, amma ya ɓoye.

Da aka zo awo babu mai riƙe bakin tef, Baba ya ce Auta ta riƙe. Ta riƙe shi da gaske, har da tsuke baki.

"Sannu da aiki, Injiniya," in ji Mai Kunama.

Sunan ya zauna mata daga ranar. Ko jikokinta na yau sun san shi.

Aiki ya kankama. Kunama ta kafa ƙafafunta biyu a ƙasa tana ɗebo jar ƙasa tana ajiyewa gefe ɗaya, ramin siriri, gefensa a goge. Auta da a da sai an yi mata tsawa take leƙa gona, sai ga ta kullum da uzuri: yau shayi, gobe wai ta zo duba igiya ko ta saki. Gwaggo, ƙanwar Baba da ta dawo gidan da zama tun rasuwar Umma, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin igiyar da ake dubawa da kwalli a ido ba.

Lambar wayarta kuwa da sunan aiki ya karɓa, wai ko Baba ba ya kusa. Saƙon farko da ya turo babu aiki a cikinsa ko kaɗan.

"Injiniya, Kunama ta ƙi tashi da safen nan sai da na ce mata kina zuwa."

Ta karanta ya fi a ƙirga kafin ta mayar: "Ka ce mata ta daina ƙarya, jiya ma na ji ƙararta tun ina shara."

Sai dai akwai abin da ke cin Auta tun ranar awo. Igiyar Baba ta bi dab da gindin wata bishiyar lemu da ke tsakiyar gona. Umma ce ta dasa ta da hannunta shekarar da ta haifi Auta, da bokiti ta raine ta, a inuwarta take zama tana tsefe wa Auta kai. Tun da ta rasu Baba ya daina kallon bishiyar, ya daina kiran sunan mai ita, wanda duk ya ɗauko zancenta sai ya nemi takalminsa ya fita. Turke kawai ya kalla ya ja igiyarsa. Auta ta san idan haƙoran Kunama suka bi ta nan jijiyoyin sun tafi, amma duk lokacin da ta buɗe baki a gaban Baba sai maganar ta maƙale.

Ranar da ramin ya iso wajen, Baba ya tafi sayen bututu, Auta kuma an aike ta. Mai Kunama ya kashe inji ya tambayi Gwaggo bishiyar waye ce wannan da kullum yake ganin gindinta a jiƙe. Gwaggo ta gaya masa, ta kuma ja masa kunne cewa kada ya kuskura ya ambaci marigayiya a gaban yayanta.

Nan ya yi kuskuren da shi kansa ya san ba a yi a sana'arsu: ya cire turken mai gona ya matsar da igiya ba tare da ya tambaya ba. Ya kewaye lemun ya dawo kan layi.

Auta ta dawo ta ga ramin ya yi baka ya zagaye bishiyar. Ta tsaya tana kallo, hawaye na zuba. Idan aka tambaye ta yaushe ta san ta kamu, ba ranar kofi take cewa ba, wannan yammacin take cewa.

Baba kuwa ba shi kaɗai ya dawo ba. Ɗan amininsa ne ya kawo masa bututun a motarsa, wanda mahaifinsa ke da katafila, irin babbar nan da ke cinye gefen titi a yini guda. Ya daɗe yana zuwa gaishe da Baba da turare mai ƙarfi, kuma kowa a gidan ya san ba Baba kaɗai yake gaisarwa ba. Aka jera bututu a bakin rami. Baba a kan miƙaƙƙen layi ya saya, don haka bai kai lambu ba.

Ɗan Mai Katafila ya taka lanƙwasar yana girgiza kai. Ya ce haka masu ƙananan injinan nan suke, tunda da mita suke ci, sai su faki ido su ƙara wa rami tsawo. Ya ce da tun farko su aka kira da yanzu ruwa na gudu.

Baba ya juya ga Mai Kunama ya tambaye shi dalili. Auta na bayan Gwaggo tana addu'a ya faɗa.

"Laifina ne, Baba. Ban tambaye ka ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Baba ya ce ya kwashe injinsa, a kawo masa kuɗinsa har gida, kada ya ƙara ganin ƙafarsa. Da Gwaggo ta yi subul da baka ta ce ai yaron nan yana da niyya a gidan, Baba ya ce wanda ya cire masa turke a bayan idonsa ba zai ba shi 'ya ba. Ya ce katafila ta zo ta miƙar da ramin.

Auta ta ji haushin Baba, amma haushin Mai Kunama ya fi. Ta rubuta masa: "Ka tsaya ana ce maka macuci, bakinka ciwo yake yi?"

Ya mayar mata: "Injiniya, ba ni ya kamata in fara kiran sunanta a gabansa ba. Mahaifiyarki ce, matarsa ce. Ni baƙo ne da ya zo haƙa rami. Kuɗin da aka aiko na mayar da na lanƙwasar. Ki ci abinci don Allah."

Ta jefar da wayar a kan gado ta ce ba za ta ƙara kula shi ba. Ta cika alkawarin har zuwa la'asar.

Ta gane dai gaskiyarsa, kuma gaskiyar ta yi mata nauyi. Ba shi ya yi shiru ba, su ne suka yi shiru shekara da shekaru, ita da Gwaggo da Baba, suna kewaye sunan Umma a cikin gidanta.

Da safe katafila ta iso tana nishi, ƙasa na rawa. Direban ya leƙo ya dubi layin ya ce bokitinsa ya fi ramin nan faɗi nesa ba kusa ba, kuma ba shi da wurin juyawa, sai an fara tuge wannan bishiyar. Ɗan Mai Katafila ya ce ai aikin minti kaɗan ne, kuma tunda yini suke lissafawa ba za a ƙara ko kwabo ba.

Baba ya buɗe baki zai ce to. Auta ba ta san lokacin da ta isa gabansa ba.

"Baba, lemun Umma ne."

Baba ya dube ta, ya ɗaga kai ya dubi bishiyar, karo na farko tun ranar da suka dawo daga makabarta. Ya ɗaga wa direba hannu ya kashe injin.

Ya taka a hankali ya bi lanƙwasar yana leƙa cikin ramin. Baba manomi ne, ya san sawun haƙoran inji ya san sawun shebur. Tun daga inda ramin ya karkata har inda ya dawo kan layi babu sawun haƙori ko ɗaya, duk da hannu aka haƙa. Ko a can nesa da gindin jijiyoyi sun ratsa ramin, an bar su a tsaye an rarake ƙarƙashinsu yadda bututu zai wuce, an naɗe kowace da tsumman buhu don kada rana ta busar da ita. Buhunan da danshinsu. Gwaggo ta sunkuyar da kai, don ita ke zuba musu ruwa a ɓoye bisa roƙon yaron.

Baba ya tsuguna ya taɓa ɗaya. Da ya miƙe ya ce da bokitin wanka marigayiya ta riƙa ɗebo wa bishiyar nan ruwa tun daga gida, yana mata dariya yana cewa ba za ta kama ba. Ya share fuskarsa da hannun riga, ya ba masu katafila haƙuri ya biya su man da suka ƙona, ya ce Auta ta kira masa yaron nan.

Cinikin da aka yi a gindin lemun da yammacin ranar, Gwaggo ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba: mai gona na ƙara kuɗi, mai aiki na ragewa. Baba ya ce aikin hannu ya fi na inji tsada, kowa ya sani. Mai Kunama ya ce ya riga ya faɗi kuɗi ranar farko, kuma lanƙwasar ba a sa shi ba, don haka ba ta cikin lissafi. Baba ya ce shi bai taɓa cin gumin wani ba. Mai Kunama ya ce to Baba ya sayi ragowar bututun kawai, shi ya shimfiɗa.

"Kai dai taurin kai ne da kai," in ji Baba. "Turkena kuma, nan gaba ka tambaya."

"In sha Allah, Baba."

"To tambayi abin da ke bakinka, na gaji da ganin yarinyar nan tana duba igiya."

Auta ta ruga gida da gudu, ta bar takalmi ɗaya a bakin rami. Saƙonsa ya riske ta a ƙofar ɗaki: "Injiniya, an ba ni kwangilar da ba a yi mata awo. Takalminki na wajena, sai kin zo da kanki."

Bayan lemun ya yi fure aka ɗaura auren. Ɗan Mai Katafila ma ya zo, da turarensa, ya yi musu fatan alheri. Da za a tafi da amarya Baba ya kama hannunta ya sa a na angon.

"Yadda ka bi da jijiyoyin nan, haka za ka bi da ita. Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan mahaifiyarta." Ya kira sunan Umma a fili, a gaban kowa, har sau biyu.

Shekaru sun tafi. Baba ya bi Umma, Gwaggo ma haka. Kunama ta gaji ta kwanta a bayan gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashin kujerarta, 'ya'yansu kuma sun sayi injinan da ba sa buƙatar lallashi da safe. Amma bututun na nan a inda aka shimfiɗa shi, kuma idan damina ta faɗi ciyawar kan tsohon ramin ta fi ta ko'ina kore, ka gan ta ta taho a miƙe daga tanki, ta zo ta kewaye lemun, ta wuce.

Da yamma sukan zauna a inuwar, shi yana ɓare mata lemu da hannayen da suka fara rawa. Takan tsokane shi ta ce har yau bai faɗi kuɗin lanƙwasar nan ba. Shi kuma sai ya miƙa mata ɓari ɗaya.

"An biya ni tuntuni, Injiniya. Ci lemunki."