Masu Dubiyar Malam Gajere

Ranar da Rilwanu ya fara ganin Adawiyya, korar mutane take yi daga ɗakin mahaifinsa.

Mahaifin, Malam Gajere, tsohon mai tsire a unguwar Briqueterie, hannunsa na dama ya shanye. Aka kira Adawiyya, ma'aikaciyar gashin ƙashi wadda ta koyi yoga, motsa jiki da sarrafa numfashi irin na Indiya. Ta tarar da ɗakin cike da abokansa mahautan unguwar Etoudi, kowa da maganin da ya warkar da kawunsa.

"Don Allah ku ba mu wuri. Shiru yake buƙata."

Suka fita suna karkaɗe riguna. Rilwanu ya tsaya kallonta har tsiren da yake gasawa a ƙofar gida ya ƙone.

Da yamma ya tura mata saƙo: "Likitata, kin kori unguwa guda, kin bar ni da ciwo."

"Gobe kai zan kora, mon cher," ta amsa, wato "masoyina" da Faransanci.

So ya yi ta ƙiba, tsoho yana ramewa. Matasa ba su cika lura da irin wannan ba. Abokai suka ɗauke ƙafa, hannu bai motsa ba. Da Rilwanu ya kawo zancen aure, uban ya juya fuska bango.

"Wadda ta binne ni ina numfashi? Ba a gidana ba."

Adawiyya ta sha kuka, sannan ta rubuto: "Masoyi, ƙa'idar farko da aka koya mini ita ce kada a cutar da mai rai. Na raba shi da mutanensa ina kiransa magani."

Da ƙafarta ta je Etoudi, ta durƙusa. "Iyayena, ku yafe mini. Ku dawo, amma duk wanda ya zo, tare za a yi motsin."

Suka dawo. Njidda, mahauci mai tumbi, ya baje kan tabarma yana nishi.

"Ɗaga mana, Gajere! Ko hannun ya gaji ne da tauye mana tsire?"

"Ɗan banza!" Tsohon ya kai masa duka.

Da hannun dama ya kai.

"'Yata," in ji shi can yana duban Adawiyya, "sake nuna mini numfashin nan."

Ranar ɗaurin aure, da liman ya ce a shafa Fatiha, Malam Gajere ya ɗaga hannu biyu. Na daman yana rawa, Njidda ya tallafe masa gwiwar hannu.

"Allah Ya ba su zaman lafiya," in ji tsohon, "Ya cika gidansu da mutane."