Wutar Ɗakin Ajiya

Ana gab da magariba matar Injiniya ta sake yi masa tsiya. Mutum ya ƙi sayen makunnin bango, wai shi mai rubuta manhaja ne, ga shi ɗakin ajiya na cin wutar lantarki babu kowa a ciki.

Abin ya dame shi, don aikin ba mai wuya ba ne. Manhajar zagaye take yi, ɗaki bayan ɗaki, tana tambayar na'urar gano mutum: in da mutum, bar wuta, in babu, kashe. Ko'ina tana bin sharaɗin, amma da ta iso ɗakin ajiya sai ta ce akwai. Ya canja na'urar, ya bi layukan manhajar har idonsa ya yi ja. Da ya gaji, ya goge sharaɗin, ya rubuta a kashe kawai.

Ɗakin ya yi duhu. Can sai dutse ya faɗo kan rufi, wani ya biyo shi. Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta miƙe daga kan littafinta ta shiga zagaya gidan, ɗaki bayan ɗaki, ba ta ƙifta ido. Kwanaki aka yi ba ci ba magana, ƙafafunta suka kumbura. Tsoro ya cika Injiniya, shi ya je da kansa ya ɗauko Malam.

Malam ya daɗe yana karatu kafin Auta ta tsaya. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce.

"Injinka bai yi ƙarya ba, muna ciki. Jikana ke tsoron duhu. Da ka kashe mana, muka bi haske har ɗakin yarinyar nan."

Tsohuwar ta nemi a bar musu ɗakin. Malam ya ce sam, gidan za su bari. Aka yi ta ja, har ta yarda in za a ba su haske su tattara kayansu.

"Ta yaya za mu san kun tafi?" in ji Injiniya.

"Mayar da tambayarka. Ita za ta faɗa maka."

Ya mayar da sharaɗin. Wutar ɗakin ajiya ta kama, babu kowa a ciki. Yana riƙe da hannun Auta, sanyi ƙalau, yana kallon allon kwamfuta: akwai, akwai, akwai. Matarsa na kuka ƙasa-ƙasa.

Sai allon ya ce babu. Wutar ta mutu da kanta.

"Baba," in ji Auta, "ƙafata ciwo."