Furen Uzhhorod da Irin Dankalin Mama Stefa

Orisiya na zaune a kicin ta shimfiɗa taswira a kan tebur, hancinta har yana taɓa takardar. A waje mijinta Yarema na ta ƙwanƙwasa tsohuwar motar burodin da ya mayar ɗaki, da gadonta da murhu da labule. Shekara bakwai suna shirin zuwa birnin Uzhhorod kallon furen ceri, wanda ba ya wuce kwana goma a bishiya. Kuma duk shekara kwana goman nan sai su faɗo daidai lokacin shukar dankalin uwarsa, Mama Stefa.

Bana kuwa akwai damuwa. Likita ya gaya wa Orisiya ganinta na tafiya, kafin baɗi ba za ta bambance launi ba. Ta roƙi Yarema kada ya sanar da tsohuwar, don kada a ce ta fake da ciwo.

Da ya shigo sai ya buga wa uwar waya.

"Mama, bana kaɗai muke roƙo—"

"Fure?" ta katse shi. "Furen za ku dafa in sanyi ya shigo? Tun da ka kwaso 'yar birni ka daina jin magana! Asabar ina jiranku."

Yarema mutumin kirki ne, amma a gaban uwarsa ko kaza ta fi shi baki. Orisiya ta naɗe taswirar, hawaye na ɗiga a kai.

"Kada ka damu, mu je mu yi mata," in ji ta.

Ranar Asabar a gonar Mama Stefa aka ba Orisiya wuƙa da bokiti ta yanka irin dankali, kowane yanki da tsironsa. Ta yi ta lalube da yatsa. Can Mama Stefa ta zo ta juye bokitin a ƙasa.

"Wayyo irina! Rabi duk babu tsiro! Ke makauniya ce?"

Tsohuwar ta ɗaga wani yanki tana huci, "Dubi wannan!" Sai ta ga surukarta ta miƙo hannu ta kama iska. Nan take Mama Stefa ta gane.

"Tun yaushe?"

"Tun bara, Mama."

Tsohuwar ta juya kan ɗanta. "Kai kuma kana tsaye kamar turke! Ka sani, ka bar ni ina zaginta?" Ta rungume Orisiya tana kuka. "Yafe mini, 'yata. Ku tashi yanzu, ko hannu kada ki tsaya wankewa!"

Ko da suka isa birnin, fure ya fara zuba. Yarema ya ajiye motar a bakin kogi, ya riƙo hannunta zuwa ƙarƙashin bishiyoyin.

"Me kike gani?" ya tambaya.

"Ban ga reshe ba, ban ga ganye ba. Amma ruwan hoda ne, Yarema, ko'ina ruwan hoda!"

Shi ya kasa kallon furen, fuskarta ya yi ta kallo yana kuka.

Haƙurin Orisiya ya biya ta, sai dai da ƙyar. Duk gidan da ke da mai haƙuri, a riƙa tambayarsa abin da yake haɗiyewa tun lokaci bai ƙure ba. Kafin kaka duhu ya rufe mata ido.