Direban Da Albashinsa Ya Fi Na Manaja

Da hantsi mai kamfanin fenti ya faɗo ofishin 'yan sanda yana huci, ya ce tsohon direbansa ya yi masa sata.

"Tun yana da baƙin gashi nake ciyar da shi, Sufeto. Kuɗin kamfani ya kwashe ya zuba a asusunsa na fansho. Ku je ku duba, suna can."

Aka kamo direban. Dattijo ne ramamme, bai daɗe da ajiye aiki ba. In laifin ya tabbata, a gidan yari zai ƙarasa tsufansa.

"Baba, kuɗin nan na wane ne?" in ji Sufeto.

"Nawa ne, yallaɓai. Albashina ne."

"Albashin direba?"

"Ai Maigida mutum ne mai hannun kyauta."

Sufeto ya saba ganin ɓarawo yana zagin mai ƙara, amma bai taɓa ganin mai yabonsa ba. Abin ya tsaya masa a rai.

Ya je gidan dattijon. Ɗaki biyu ne na haya, silin ya ruɓe, an kafa bokiti inda yake yoyo. Matarsa ta saurari zancen albashin, ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

"Ɗana, ɗaga kanka ka dubi sama. Wannan ya yi maka kama da gidan mai babban albashi? Ran da ya dawo daga ofishin fansho da jakar kuɗi, ko zama bai yi ba ya wuce gidan Maigida da ita. Ya dawo hannu rabbana, ya ƙi cin abinci."

Ɓarawon da ke kai wa mai kaya kuɗi har gida? Ruwa dai ba ya tsami banza.

A ofishin fansho, jami'ar da ke kula da asusun ta cire tabarau ta dube shi.

"Sufeto, nan ba a shigo mana da kuɗi a aljihu. Wurin aikin mutum ne ke yanka daga albashinsa ya turo, kuma abin da aka turo ba a cire masa haraji. Amma akwai iyaka, daidai ƙarfin albashin. Shi wannan, kamfaninsu ne ya shaida mana yana ɗaukar abin da ya fi na manaja."

"Da ya yi ritaya, kun ba shi duka?"

"Ina! Kaso ɗaya ake bayarwa a dunƙule, sauran wata-wata har ƙarshen rai. Ya yi ta roƙona in ba shi duka har da hawaye, wai ba za a yarda da shi ba. Na ce Baba, doka ce."

Sufeto ya koma ofis ransa a jagule. Ya sa aka zaunar da mai kamfani da direban a ɗaki guda.

"Ranka ya daɗe, wa ke sa hannu a biyan albashi a kamfaninka?"

"Ni ne. Ba na barin wa kowa."

"To ta wace ƙofa direba ya tura kuɗi asusun da kai kaɗai ke iya turawa?"

Gumi ya keto wa mai kamfani duk da fankar da ke kansa.

"Ribarka ka riƙa ɓoyewa a asusunsa don gudun haraji," in ji Sufeto, "da nufin ya yi ritaya ya ciro maka. Da ya kawo kaso ɗaya, ka zaci ya cinye sauran. Ka iya kauce wa doka, amma ba ka karanta ƙarshenta ba."

"Na ɗauka cutata ya yi," in ji mai kamfani. "Na ce in ya ji ƙamshin gidan yari zai fito da su. Ni na tura, ni na shirya komai."

"Kai kuma Baba, me ya hana ka magana?"

"Rantsar da ni ya yi, yallaɓai. Kuma na ci abincinsa."

Sai Sufeto ya gaya masa sauran. Za a rufe asusun har kotu ta tantance, har da ɗan guminsa na gaskiya da ya cakuɗe a ciki.

"Zuwa yaushe?"

"Ban sani ba, Baba."

Dattijon ya gyaɗa kai kawai.

Aka sa wa mai kamfani ankwa, aka fito da shi. Kafin kofur ya kai ga motar 'yan sanda, dattijon ya riga shi. Ya buɗe ƙofar baya, ya ɗan rusuna, ya riƙe ta har Maigida ya shiga.