Tafiyar Raihanatu a Bayan Rudun Albasa

Sau uku Raihanatu ta ɗaga taɓarya a tsakar gidan mijinta a Aliero, a na huɗu ta kuɓuce mata, ta durƙushe gefen turmi riƙe da mara. Gwaggo, uwar mijin, tana tsintar wake a tabarma, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Daka ya gagara, amma yawo bai gagara ba," in ji ta.

Shekara huɗu ke nan da auren Raihanatu da Waliyyu manomin albasa, ba haihuwa, sai ciwon mara mai kayar da ita duk wata. Bayan gwaje-gwaje likita ta kira dogon suna, endometriosis, ta ce irin naman cikin mahaifa ne ke tsirowa inda bai kamata ba. Ta ba da magani, ta ce a ajiye aiki mai nauyi in ciwon ya motsa, amma ta riƙa takawa a hankali kowace safiya tana miƙe jiki. Ba waraka ba ce, sassauci ne.

To, a sanin Gwaggo mara lafiya kwanciya yake yi. Wadda ke iya zura hijabi ta fice da sassafe kuwa lafiyarta lau. Da matan unguwa suka fara tambayarta inda surukarta ke zuwa, sai ta kira ɗanta ta ce daga nan zuwa Juma'a ya rubuta takarda, yarinya ta koma gidan iyayenta a Andarai.

"Inna, atisaye ne likita ta sa ta, wallahi ba yawo ba ne."

Ta ce ita ba ta san wannan ba. Waliyyu, ƙato da gemunsa, ya zauna bakin ɗakin matarsa yana hawaye. Ya ce hannunsa ba zai iya rubutawa ba, saɓa wa uwa kuma bai taɓa ba. Raihanatu ta ce kada ya shiga wuta saboda ita, za ta tafi da ƙafarta. Ta shiga ninke zannuwanta.

Ran Alhamis Gwaggo ta bi sawunta, don ta kama ta da idonta. Ba gidan kowa yarinyar ta nufa ba. Bayan gari ta je, inda Waliyyu ya jera rudu, rumbunan karan nan na ajiye albasa. Tana zagaya su da ƙyar, kowane zagaye ta ja carbi ɗaya. Can ta dafa kara ta duƙa, tana cije leɓe, tana kuka mara sauti, ta ce, "Allah, ka ga dai ina ƙoƙari." Ta sake miƙewa.

Irin duƙawar nan Gwaggo ta san ta. Haka ƙanwarta Zubaida take yi a can garin Fagada, aka riƙa ce mata raguwa, aure uku ana koro ta, har ta rasu ba wanda ya yarda ciwo ne. Cikin masu ce mata raguwa har da Gwaggo.

Tsohuwar ta fito daga bayan rudu. Raihanatu ta firgita ta zube tana gaisuwa.

"Wa ya ce ki tsaya? Saura nawa?"

"Bakwai, Gwaggo."

"Tashi mu tahi. In ga mai bakin da zai ce yawo kike ina gabanki."

Gwaggo ba ta ba da haƙuri ba, ba halinta ba ne. Amma Juma'a ta zo ta wuce ba a nemi biro ba. Har yau Raihanatu ba ta samu haihuwa ba, ciwon ma yana zuwa, sai dai tana ɗakin wanda take so, kuma duk safiya tsohuwa ce ke ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Ku 'yan mata ku riƙe haƙuri da maganar likita. Ku kuma iyaye, ciwon da ba ku gani da ido ba kada ku ƙaryata mai shi, don ranar da za ku gane, wataƙila babu wanda za ku roƙa gafara.