Kofin Kan Taga

Auta ta yi sallama ta shigo gida da yamma, ƙafafunta kamar ba nata ba don tsayuwa. Mama na zaune tana ninke wanki, ta amsa ƙasa-ƙasa. Auta ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi a tire.

"Dakata!" in ji Yaya, babban wanta. "Ga naki can a kan taga. Sau nawa zan faɗa miki?"

Ta ɗauki jan kofin robar da aka ware mata, ta sha ruwan a tsaye, hawaye na neman zubo mata.

Laifinta ɗaya: tana suyar kaza da dankali a gidan abincin Turawan nan da aka buɗe a bakin titi, mai gilas tun daga sama har ƙasa. Tun da Yaya ya faɗa cikin wasu samari masu ganin kowa ɗan wuta ne in ba su ba, gidan ya rasa sukuni. Gemunsa bai gama fitowa ba, amma fatawa a bakinsa kamar ruwan famfo. Ya ce gidan abincin tutar kafirai ce, duk mai aiki a ciki ba a cin abinci da shi. Ya ware mata kofi da kwano, ya hana a shanya rigar aikinta a igiyar gida. Maganin hawan jinin Mama kuwa, da aikin nan ake sayensa, wannan bai taɓa ce masa haram ba.

Auta ta koma cin abinci ita kaɗai a ɗaki, tana jin hirarsu ta bango. Kaɗaici ya ishe ta a gidan da aka haife ta.

Mutum ɗaya ke sa ta dariya, Mai Babur, wanda ke kai wa kwastomomin gidan abincin oda gida-gida. Ya turo manyansa neman aurenta, amma Baba ya rasu, Yaya ne waliyyi, kuma ya sallame su tun daga ƙofa.

"Ni fa na gaji, Auta," Mai Babur ya ce da ita wata rana lokacin hutu, suna zaune a bayan kicin kusa da tukwanen gas. "Mu je wurin alƙali ya ɗaura mana, shari'a ta ba mu dama!"

"In na fita ta haka, wa zan bar wa Mama? Ita da shi su kaɗai?"

"To ki bar aikin, ni ma in bari."

"Mu ci me, hular kwanonka?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ina sonki, wallahi. Amma har yaushe?"

"Ka ƙara mini haƙuri — don Allah." Ta juya ta goge ido da gefen hijabi, don tana tsoron wata rana ya gaji da gaske.

Ana nan, rana tsaka, sai ga ihu daga titi. Samarin ne da sanduna da duwatsu. Manaja ya ɗaga murya: "A kashe gas! Kowa ya fita ta baya!" Haka dokar wurin take, kuma kowa ya bi. Auta ce kaɗai ta tsaya, don ta hango Yaya a sahun gaba. Ya ɗaga sanda ya maka wa gilashin, gilashin ya rufto masa a hannu. Jini ya ɓalle. Da jiniyar 'yan sanda ta taso, abokan nan masu kiransa ɗan'uwa suka watse, ko waiwaye babu.

"Yaya! Wayyo Allah, Yaya!"

Ta tuɓe rigar aikin da ke saman hijabinta, mai tambarin kamfanin ɓaro-ɓaro, ta ɗaure masa hannun tamau. Mai Babur ya zagayo da gudu, bai tsaya tuna korar da Yaya ya yi wa manyansa ba. "Ɗora shi! Riƙe ni da kyau, Yaya!" Suka nufi asibiti.

Ashe wani ya ɗauki hoto da waya: Yaya a bayan babur ɗin kai oda, naɗe da tambarin da yake tsine wa. Kafin a gama ɗinkin, hoton ya zaga gari.

Yaya ya yi jinyarsa a gida, ba wanda ya leƙo daga cikin abokan nan. Da ya samu sauƙi ya tafi wurin zamansu da kansa. Bai daɗe ba ya dawo, ya zauna a tsakar gida shiru, har Mama ta tsorata.

"Lafiya, babana?"

"Ba su amsa sallamata ba, Mama. Da na nemi ruwa, sai suka turo mini wani kofi daban da ƙafa. Wai na hau babur ɗin kafirai."

Auta na bakin ƙofar ɗakinta da kwanonta a hannu. Ya ɗago ya dube ta, ya dubi taga. Ya miƙe ya ɗauko jan kofin, ya cika shi da hannunsa mai lafiya, ya shanye tas.

"Auta, ashe haka kike ji kullum?"

Sai a nan kukan da ta daɗe tana haɗiyewa ya ƙwace mata.

"Ki yafe mini, ƙanwata. Fito da kwanon nan ki zauna cikinmu." Ya share fuska. "Kuma ki ce wa Mai Babur ya sake turo manyansa. Wannan karon zan shimfiɗa musu tabarma."

Mama ta karɓi kofin ta ajiye shi a tire cikin 'yan'uwansa, tana hamdala.

Da Auta ta bi zuciya ta fice, da ta samu miji ta rasa wanta. Ta yi haƙuri, Allah ya haɗa mata duka biyun. Kai kuma mai ware wa ɗan'uwanka kofi da sunan addini, ka tuna addinin bai aike ka ba, kuma wata rana naka kofin za a ware.